Ɗan Hajiya a Masaukin Ƙarshen Hanya

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau ma bai fito ba. Matata Ramlatu ta ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa murfin kwanon kamar mai kiran kaji, ta koma madafi. Da magariba na tarar da kwanon inda yake. Tururuwa sun gode.

Tun ranar da babur ya kayar da su a hanyar Kibiya haka muke. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Abokinsa Ramalan, da ya goyo a baya, bai tashi ba. Daga maƙabarta ya wuce ɗakinsa ya saka sakata. Banɗaki da alwala kaɗai ke fito da shi, su ma sai ya tabbatar babu kowa a tsakar gida.

Ga abin dariyar da ba na dariya ba: ɗan farinmu ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a nan ba zan rubuta ba. Uwarsa kuwa ta fi ni, idan ya shigo ta gabas ita yamma take kallo. Haka muka tashi muka ga ana yi. Hajiya mahaifiyata ce ta ɗauke shi ranar yaye ta raine shi a Kibiya, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Hajiya. Ita ce bakinmu a wajensa, ita ce kunnensa a wajenmu. To ta rasu bara. Yanzu ga manya biyu a gida, babu mai harshe.

Ni Alu mai faci, da a tasha har roƙona ake in yi shiru.

Laraba, 11 ga Satumba

Na gwada dabara. Na tsaya kusa da tagarsa na yi wa akuya faɗa da ƙarfi. Na ce, "Ke, wai 'yan gidan nan sun yi rantsuwa da abinci ne? Mutum ya ƙi ci sai ka ce ana binsa azumi?" Akuya ta saurara da kyau. Daga ɗakin ba abin da ya fito sai wani sauti na waya, kamar iska tana kaɗa ƙararrawa a kango. Kullum shi nake ji. Ba waƙa ba ce, ba karatu ba ne.

Asabar, 14 ga Satumba

Na tambayi Tajuddeen mai gyaran waya, wanda rumfarsa ke jikin tawa. Ina kwaikwayon sautin da baki ya ce, "Baba Alu tsaya, na san shi." Ya ciro wayarsa ya nuna mini.

Wasa ne. Amma wanda ya ƙirƙire shi ba ya barci lafiya. Wata duniya ce da rana ba ta fitowa, kowa na yawo da fitila, wasu halittu na bin mutane a daji. A tsakiyar dajin akwai wani otal mai hawa da yawa, tagogi duk a rufe. Tajuddeen ya ce sunansa da Hausa kamar a ce Masaukin Ƙarshen Hanya. Nan kaɗai halittun ba sa shiga.

Sai ga mai otal ɗin. Dogo ne har sai ya karya wuya kafin ya wuce ƙofa. Fuskarsa a naɗe da ƙyalle, tarin makullai a ƙugu, yatsu kamar karan dawa. Ba ya tafiya, sai dai ka gan shi a nan, ka ƙifta ido ka gan shi a bayanka. Na ce, "Wannan ai ya fi mai gidan da muka yi haya a Kano fara'a." Tajuddeen bai yi dariya ba.

Ya ce mutumin ba ya karɓar kuɗi. Idan ka daɗe a gidansa, abin jikinka yake cira. Inuwa tukuna, sannan murya, sannan fuska. Wanda ya rasa fuska ya zama ɗan gida, ba ya ƙara fita.

Ya hau da ni bene har wani dogon lungu mai ƙofofi. A ƙofa ɗaya wani mutum-mutumi na zaune, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka ga ɗanka nan," in ji shi. "Tare suke wasan da marigayi. Ramalan ya kama ɗakin nan ya kwantar da mutuminsa kafin abin ya faru. Yana ciki yana barci. Shi kuma tun daga lokacin yake gadin ƙofar."

Na duba da kyau. Fitila na haska shi, amma babu inuwa a bango.

Na ce zan je in duba wata taya. Babu wata taya.

Litinin, 16 ga Satumba

Kwalbar maganin feshin wake ba ta nan.

A kan katangar zaure na ajiye ta, bayan buhun taki, da hannuna. Na zazzage zauren kaf. Na tambayi Ramlatu ko ta bai wa wani aro. Ta dube ni, ta dubi ƙofarsa, sai ta zauna a kan turmi.

Ba mu ce komai ba. Mu ai gwanaye ne.

Talata, 17 ga Satumba

Ban je tasha ba. Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tagarsa, wai ina gyaran rediyo. Muddin ina jin ƙararrawar nan, yana da rai.

Alhamis, 19 ga Satumba

Mun yi faɗa da Ramlatu, da raɗa, a bayan rumbu, kamar ɓarayi biyu sun saɓa a kan rabo.

Ta ce, "Malam, kai ne uba. Ka shiga."

Na ce, "Ke kika haife shi, ni rakiya na yi."

Ta ce, "Ko a wannan halin sai ka yi wasa?"

Na ce in na ɓalle ƙofar fa, ya firgita ya riga ni? Ta rufe baki da mayafi. Ta ce to a kira liman. An kira shi tun makon farko, ya yi nasiha ta jikin ƙofa, ya yi addu'a, ya tafi. Ƙanena ma ya zo daga Zinyau ya yi ta bugu har hannunsa ya gaji. Yaron nan ba liman yake jira ba. Ban san wa yake jira ba. Ko na sani ba na so in sani.

Da yamma na leƙa wajen Tajuddeen. Ya ce ya yi ta yi wa yaron magana a cikin wasan, ba amsa. Yanzu ma ba zai iya amsawa ba, don mai otal ya zo karɓar haya ya tafi da muryar. Saura fuska.

Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba Alu, rubuta masa da kanka, zai gani ai." Na riƙe wayar, shi yana tsaye a kaina, masu cajin waya biyu sun miƙo wuya. In rubuta wa ɗan fari magana a gaban jama'a? Na ce idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ƙarya nake. Aji biyar na yi a firamare, amma na yi shi da kyau, har sau biyu.

A hanya na yi ta tunani. A cikin otal ɗin nan ba wanda ya san fuskar wani. Da zan shiga ni kaɗai, a matsayin baƙo, ai baƙo ba ya jin kunyar ɗan kowa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Sadakar arba'in ɗin Ramalan a Tarai. Na bar Ramlatu a kan tabarmata ta gadi, na ce ko tari ya yi ta aiko.

Da aka shafa fatiha mahaifinsa Malam Zailani ya ja ni bayan garke. Na shirya jin komai. Mutumin nan ɗansa ya hau bayan ɗana bai dawo ba, kuma ɗan nawa ko gaisuwa bai zo ba.

Sai ya ce, "Alu, yaya yaron?"

Na ce da sauƙi. Ya yi mini irin kallon da yake wa saniyar da aka ce masa lafiyarta ƙalau.

Ya ciro waya daga aljihu, gilashinta a tsage ta gefe. Ya ce, "Ta Ramalan ce. Uwarsa ba ta iya ganinta. Ka kai masa. Ka ce masa ni Zailani na ce kwana ne ya ƙare, ba mu riƙe shi da komai ba. Ya zo in gan shi, ƙamshin ɗana yana jikinsa."

Ni da na zo yi wa mutum ta'aziyya, shi ya ƙare da riƙe mini kafaɗa.

Na dawo da saƙo a baki da waya a aljihu. Na tsaya a ƙofarsa. Na gyara murya. Na ce wa akuya ta matsa daga hanya.

Litinin, 23 ga Satumba

Wayar ba ta da makulli. Na yi mata caji. Wasan yana ciki, na gane hoton otal ɗin. Ban gaya wa Tajuddeen ba, kada ya ce zai taya ni.

Gobe in sha Allahu baƙo zai sauka.

Talata, 24 ga Satumba

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin don in fita da kyau ba.

Bayan la'asar Ramlatu ta shiga maƙwabta duba mai jego. Na zauna a zaure na buɗe wasan. Na zaci a bakin ƙofar otal zan tsinci kaina, in yi sallama kamar kowane baƙo. Sai na ga ɗaki mai duhu, mutum kwance a gado, ina taɓa gilashin ya tashi zaune. Har na ji daɗi. Na ce ka ga mutanen kirki, tun ban tambaya ba an ba ni ɗaki.

Sai mai otal ya fito daga jikin bango da fitilarsa. Ya sunkuyo har ƙyallen fuskarsa ya cika wayar. Rubutu ya fito da Turanci, na bi shi da yatsa a hankali. Cewa ya yi, ka daɗe kana barci, an daɗe ana jiranka. Na ce a raina, kai dai ka iya karɓar baƙi. Ko a nan ban gane ba. Jaki ma da ya gane.

Ya zaro makulli ɗaya daga ƙugu ya buɗe ƙofar. Na tura mutumina waje. Ga lungun nan, ga yaron a zaune, kai a gwiwa, a daidai ƙafafuna.

Na rubuta, da yatsa ɗaya: Salamu alaikum. Tashi ka ci abinci, ka rame.

Na tura. Sannan na lura da ɗan rubutun da ke yawo a saman kan mutumina. Sunan Ramalan ne.

Wayar Ramalan. Ɗakin Ramalan. Ƙofar da ya yi ta gadi tun ranar jana'iza ta buɗe, mamaci ya fito ya ce masa ya rame.

Ƙarar da ta fito daga ɗakinsa ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Sai wani abu ya faɗi. Sai ƙararrawar ta ɗauke. Shiru.

Ban san yadda na tsallake tsakar gida ba. Na doki ƙofar na ce, "Kai! Kai! Buɗe!" Shiru. Na ce, "Ɗan Hajiya!" Shiru. Na ji motsi a ƙasa, kamar ana jawo abu daga ƙarƙashin gado.

To a nan ne na kira shi. Da sunan da aka raɗa masa a kunne, ranar da na ɓuya a shagon wani don kada a ce ina murna. Na kira har muryata ta fashe. Na ce, "Ba Ramalan ba ne! Ni ne! Ubanka ne, wawan ubanka, wayar tana hannuna! Malam Zailani ne ya ba ni in kawo maka na kasa! Don girman Allah kada ka yi mini haka!"

Na kifa goshi a jikin ƙofar. Ban san tsawon lokacin ba.

Sakata ta yi ƙara.

Na ga mutum tsaye da wuya kamar na zakara, gashi ya cukurkuɗe, ido ya faɗa. Kwalbar tana kan tabarma a bayansa. Murfinta a rufe. Na duba sau biyu, a rufe yake. Na wuce shi na ɗauke ta na jefa waje ta taga, na ji ta faɗa kan kajin Ramlatu.

Ya dube ni. Muryarsa ta fito a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa.

Ya ce, "Baba, ashe ka san sunan."

Na so in ba shi amsar da za ta sa shi dariya. Wallahi na nema, babu ko ɗaya. Na zauna a ƙasa, shi ma ya zauna.

Ya ce, "Ramalan ya ce zai jira mota. Ni na ce ya hau. Na ce masa matsoraci."

Na ce na ji.

Ya ce, "Ni na ce ya hau, Baba."

Na ce na ji, kuma ga abin da uban Ramalan ya ce in gaya maka. Na faɗa masa duka, har maganar ƙamshin. A nan ya fashe. Na kamo kansa. Rabona da taɓa kan nan tun yana da taushi a tsakiya, shi ma sai da na tabbatar Hajiya ta shiga wanka.

Laraba, 25 ga Satumba

Ya sha kunu. Rabin kofi, amma ya sha. Na cire sakatar ɗakin da kaina yana kallo, bai hana ba. Maganin feshin na kai gidan ƙanena, wake ya yi haƙuri bana.

Ramlatu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce har masallaci an jiyo ka jiya."

Na ce akuya nake kira.

Ta ce, "Allah ya yi wa akuyar albarka." Sai ta juya tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙi. Ba a kunna wuta ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na kai shi asibiti a keke mai ƙafa uku. Likita ya ce in jira a waje, suka daɗe. Ya ce mu riƙa dawowa, kuma kada a bar shi shi kaɗai da tunani, a riƙa yi masa hira. Na ce likita, ka samu ma'aikaci.

Da muka dawo ya ce in ba shi wayar Ramalan. Na ba shi, na zauna a gefensa ban nemi izini ba. Ya riƙe waya biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya tayar da nasa mutumin, ya jawo na Ramalan, ya sauko da su bene hawa bayan hawa. Mai otal yana bin su. Duk kwanar da suka sha yana can tsaye da makullansa. A bakin babbar ƙofa ya tare hanya ya yi wata magana.

Na ce me ya ce?

Ya ce, "Wai waje akwai duhu, ɗakinmu yana nan ko yaushe."

Na ce, "Gaya masa mun gode, muna da gida a Rano. Kuma ya dawo maka da inuwarka da muryarka, ɓarawon banza."

Yaron ya ce ba a mayarwa. Abin da ya karɓa ya karɓa ke nan.

Ya fitar da su duka biyun. Suka tsaya a waje da fitilunsu, otal ɗin a bayansu, dogon yana leƙe ta ƙofa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya kashe ta Ramalan, ya kashe tasa.

Ban tambaye shi ko zai koma ba. Tsoron amsar nake.

Asabar, 28 ga Satumba

Mun je Tarai. Na ce mu hau mota, ya ce a'a, babur. Ya tsaya a gabansa yana kallo har na fara cewa a fasa, sai ya ɗaga ƙafa ya hau bayana.

Na yi tafiyar da har mai turin kurar ruwa ya wuce mu yana yi mini sannu. Da muka zo kwanar da abin ya faru na ji ya damƙe rigata ta baya, ya kifa kansa a kafaɗata. Ban tsaya ba, ban ƙara wuta ba. Na dai yi ta ba shi labarin direban da ya kawo mini taya mai faci goma sha wani abu yana cewa sabuwa ce. Ban san ko ya ji ba. Rigar ta yage a ɗinki, sabuwa ce kuma.

Malam Zailani na hango mu ya taso ba takalmi. Abin da suka ce wa juna nasu ne, ni na tafi duba lafiyar shanu, kamar na san wani abu a kansu. Uwar Ramalan ta aiko da fura da nono. Yaron ya shanye, aka ƙaro. Ya miƙa wayar Ramalan, Malam Zailani ya mayar masa da ita cikin aljihu ya dafe.

Bai warke ba. Da muka dawo ya shiga ɗaki ya yi shiru har na fara zagaye tsakar gida. Amma ƙofar a buɗe take, kuma da aka kira magariba ya riga ni ɗaukar buta.

Jibi Abdulganiyyu zai bi ni tasha ya riƙe mini famfo. Ba wani abu ba ne, bayana ne ke ciwo. Sunan dai ya cika tsawo, kafin ka gama kira taya ta sace. Hajiya ce ta zaɓa, ba ta yi shawara da mai faci ba.

Ramlatu har yanzu "wancan" take cewa. Ɗazu na ji ta a madafi ita kaɗai tana gwada rabinsa a hankali. Na yi kamar ban ji ba, na wuce.